Yadi Biyar na Alawayyo

Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa wa Lantana garaya,
ban taɓa ganin ya shiga fage babu jan-baki ba
sai daren nan.

Na ce ya. Wani lokaci ta nake cewa.
Harshena ya gaji da tsayuwa a mararraba.
Gyatumarsa a Yakasai Ɗalhatu take kiransa,
masu cin dambunsa a Ƙofar Wambai
kan ce Lantana, ƙaro mana yaji,
da la'asar su tofar da yawu in ya gifta.

Ran Talata aka kwashe su a mota,
aka yi musu ƙwal-kwabo a tsakar ofis,
reza ɗaya, kai bakwai, mai askin yana dariya.
Shi kaɗai ya durƙusa ya tattara sumarsa
ya ƙulle a bakin zane.

Alhamis, gidan Inna Tabawa, can ƙuryar Fagge.
An yayyafa wa ƙasa ruwa, an rage fitila,
turaren wuta ya cika zaure har ido na yaji.
'Yan ƙwarya sun jeru. Na ɗaure tsirkiya.
Na kira Doguwa, na kira Ɗan Galadima,
na kira duk mai suna a bakina,
babu iskar da ta sauka.

Sai ga shi da babbar rigar mahaifinsa.
Ya tuɓe ta, ya ninke, ya ajiye gabas.
Ƙarƙashinta atamfa ce mai zanen tsuntsaye,
ya kwance, ya ajiye yamma.
Jigida ya tsinke da hannu ɗaya,
duwatsun suka gangara ƙarƙashin ƙafafun mutane,
wani ya janye takalminsa kamar garwashi ne.
Abin da ya rage jiki ne kawai:
tabon man gyaɗa a damtse,
lallen da ya fara kodewa,
haƙarƙarin da nake iya ƙirgawa ido rufe.

Ya buɗe leda. Alawayyo, yadi biyar,
har da tambarin shagon Kantin Kwari.
Ya shimfiɗa, ya zuba sumar a wajen kai,
ya kwanta bisa dama, fuska ga alƙibla,
ya ja farin har wuya.

Ya ce, ba da muryar kasuwa ba,
ba kuma da wadda yake gaida surukan gidansu ba,
wata ce ta uku:
In na mutu, wa zai yi mini wanka?
Maza sun ce ni ba nasu ba ne.
Mata kuwa an hana su.
To wa zai riƙe butar?

Ƙwarya ta mutu a hannun mata.
Alhajin da ke faka mota a layinsu bayan isha'i
ya tsunduma fuska cikin waya.
Wani yaro ya yi dariya, ba wanda ya taya shi.

Ni kuma?
Ni da na san ɗumin bayan nan a ɗakinmu na Birged,
nake ce wa maƙwabta abokin sana'a ne,
na rungume garaya kamar ita ce ta yi tambayar.
Ban tashi ba.

Shi ya yi wa kansa atishawa, sau uku,
kamar wanda iska ta sauka daga kansa.
Ya miƙe, ya kakkaɓe, ya ninke farin,
ya ɗora mini a cinya.
Ajiye, ya ce. Ka san inda nake sa kaya.

Da safe yana bakin kasko, hula a ka,
ana cewa Lantana, ƙaro yaji.

Ni masallacin unguwa na nufa.
Na tambayi liman yadda ake yi.
Ya ce a fara da alwala, dama kafin hagu,
a rufa asiri da ƙyalle, kafur a ruwan ƙarshe,
kuma mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani.
Ya ce wa aka rasa?
Na ce ba kowa, Malam.
Tukuna.